Hana mota wuce ƙa'idar gudu: wace dabara ce ta dace da motarka, wacce ce za ta jefa ka cikin matsala?

Duk wanda ya taɓa tuƙa mota mai lafiyayyen inji a kan titi mai kyau ya san yadda abin yake zuwa. Gilashi a rufe, sanyi yana busowa, hira ta yi daɗi, sai ka kai ido kan maleji ka ga allura ta kai 130 alhali kai a ranka 100 kake yi. Ba ganganci ba ne, motocin yanzu ne suke ɓoye wa direba gudun da yake yi. Shi ya sa mutane da dama suke tambaya: tunda motar nan kwamfuta ce ke sarrafa ta, me zai hana a gyara mata lantarki ta riƙa kiyaye ƙa'idar gudu da kanta?

Ana iya yi, kuma hanyoyin sun kai biyar ko shida. Sai dai akwai abin da masu sayar da na'urorin ba su cika faɗa ba: aikin nan kashi biyu ne, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Kashi na farko shi ne hana inji ba da ƙarfi idan an kai wani gudu. Wannan abu ne mai sauƙi, an daɗe da gama da shi. Kashi na biyu shi ne mota ta san ƙa'idar gudun wurin da take a daidai wannan lokacin, ko 50 ne ko 80 ko 100. A nan gizo ke saƙa. Kusan duk bambancin da ke tsakanin dabarun da za mu duba ya ta'allaƙa ne a kan wanda ke ɗauke da kashi na biyun: kai ne, ko mai motar, ko taswira, ko kyamara.

Kafin komai, leƙa ƙarƙashin totur

Tambaya ta farko ba ta da alaƙa da kuɗi. Sunkuya ka duba toturka. Idan akwai igiyar ƙarfe da ta fita daga bayansa ta ratsa zuwa inji, to motarka tsohon yayi ce, ƙafarka ce take buɗe maƙogwaron iska kai tsaye. Idan kuwa wayoyi ne kawai a cikin ɗan soket, to toturka saƙo yake aikawa, ƙwaƙwalwar mota ce take yanke shawarar yawan iska da man da za a ba inji. Mafi yawan motocin da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 2000 zuwa yau na biyun ne.

Wannan ɗan dubawar ta raba zaɓi gida biyu. Mota mai totur na lantarki ana iya rage mata gudu cikin laushi, domin saƙo kawai za a sassauta. Mai igiya kuwa, sai dai a sa wani ɗan ƙarfe mai motsi da zai riƙa ja da igiyar baya, ko a katse mata mai. Katse mai shi ne dabara mafi araha, kuma ita ce wadda na fi ƙi. Ana sa wani makunni a kan wayar famfon mai, ko bawul a kan bututun, idan gudu ya kai iyaka sai a toshe. Mota sai ta riƙa fizga kamar mai shaƙuwa, ta mutu ta farfaɗo, ta mutu ta farfaɗo. Inji yana shan wahala, giya tana shan wahala, kuma ranar da makunnin ya maƙale a rufe, a tsakiyar titi za ta ajiye ka. Araha ba ta ado.

Gargaɗi kawai, ba a taɓa mota ba

Mafi sauƙin dabara ita ce wadda ba ta taɓa waya ko ɗaya a jikin mota. Manhajoji irin su Waze da Google Maps suna nuna gudun da kake yi, kuma a wuraren da suke da bayanin hanya suna nuna ƙa'idar wurin. Waze har ƙara yake yi idan ka wuce. Akwai kuma ƙananan na'urori da ake ɗorawa a kan dashbod, ka saita musu lamba ɗaya, da ka wuce ta su fara kuka.

Wasu za su ce wannan ai ba gyaran lantarki ba ne. Gaskiya ne, amma kada a raina shi, saboda dalili ɗaya: shi ne gwajin da zai gaya maka ko sauran dabarun masu tsada za su yi maka aiki. Ka yi sati biyu kana tuƙi da manhajar a buɗe, kana lura: sau nawa ta nuna ƙa'idar da ta yi daidai da allon hanya? Sau nawa ta nuna kuskure? Sau nawa ba ta nuna komai ba? Na'urar da za ta riƙe maka totur da irin wannan taswirar za ta yi aiki. Idan waya tana kuskure sau uku a kan hanyarka ta zuwa aiki, kuskuren ƙara ce kawai. Idan na'urar da ke riƙe totur ce ta yi kuskuren, motarka ce za ta ƙi gudu a inda kowa yake gudu.

Aibin gargaɗi kowa ya san shi: kunne yana sabawa. Bayan wata guda ƙarar ta zama kamar kukan tsuntsu, ko kuma ka kashe ta gaba ɗaya. Ga wanda mantuwa ce matsalarsa, ya isa. Ga wanda son gudu ne matsalarsa, ba zai yi komai ba.

Wani abu da zai ba ka mamaki idan ka fara gwadawa: gudun da waya ke nunawa ya kan gaza na maleji. Ba wayar ce ta lalace ba. Ƙa'idar da ƙasashe da yawa ke bi wajen ƙera mota ta hana maleji ya nuna ƙasa da ainihin gudu, amma ta yarje masa ya yi ƙari har kashi 10 cikin ɗari da kilomita 4 a kai. Wato mota tana gudun 100 na gaskiya, maleji yana iya nuna har 114 ba tare da ya saɓa wa ƙa'ida ba. Yawanci ƙarin bai kai haka ba, amma yana nan. Kuma idan ka canza girman taya, lissafin ya sake canzawa. Duk na'urar da za ka sa, ka tambaya: da wane gudu take aiki, na taya ko na tauraron ɗan'adam?

Abin da ke cikin motarka tun daga kamfani

Yanzu ga abin da nake ganin ya fi dacewa da yawancin masu mota na kansu, kuma da dama suna da shi ba su sani ba. Duba sitiyarinka ko ɗan sandan da ke gefensa. Idan ka ga maɓalli mai rubutun LIM, ko hoton maleji da ɗan alama a kai, to motarka tana da na'urar taƙaita gudu ta kamfani. Motocin Turai, irin su Peugeot da Renault da Mercedes da Volkswagen, sun daɗe suna zuwa da ita.

Mutane suna rikita ta da na'urar da ke riƙe gudu ɗaya, wadda ake kunnawa a ɗauke ƙafa daga totur mota ta ci gaba da tafiya. Aikinsu kishiyar juna ne. Mai riƙe gudu tana tuƙa maka totur, sai ka taka birki take saki. A cikin gari ba ta da amfani, a kan jiƙaƙƙen titi kuma haɗari ce. Mai taƙaitawa kuwa ba ta ƙara maka gudu ko kaɗan. Ƙafarka tana kan totur kamar kullum, ka rage, ka ƙara, ka tsaya a danja, ka tashi, amma da ka kai lambar da ka saita sai mota ta daina amsawa, kamar an sa mata rufi. Idan ka shiga hali na dole, misali kana shan gaban babbar mota sai ga wata ta taho, ka danna totur har ƙasa, ka wuce ɗan taurin da ke ƙarshensa, nan take rufin ya ɗage.

Wannan hanyar kuɓuta ita ce abin da ya sa na fifita na'urar kamfani. Injiniyoyin da suka ƙera injin da giyar su suka tsara ta, sun gwada ta a sanyi da zafi, ba ta taɓa garantinka ba, ba ruwan kamfanin inshora da ita. A wasu motocin ma tsarin yana kwance a cikin ƙwaƙwalwa, ba a dai kunna shi ba domin mai motar na farko bai biya kuɗinsa ba. Ƙwararren mai aikin kwamfutar mota yana iya kunna shi, wani lokaci sai an canza maɓallan sitiyari. Idan gyaran lantarki kake so, wannan shi ne mafi tsabta.

To ina matsalar? Kai ne taswirar. Kai za ka ga allo ya ce 50 ka sauke lambar, ka fita gari ka ɗaga ta zuwa 100. Ranar da ka shigo gari ka manta ba ka sauke ba, na'urar tana nan a kan 100 tana jiran gudun da ba za ka kai ba. Duk da haka, hannu yana sabawa da sauri, kamar yadda ya saba da sigina.

Rufi ɗaya da direba ba zai iya ɗagawa ba

Idan ba kai ne kake tuƙa motar ba, lissafi ya canza. Mai motocin haya, mai kamfanin jigila, uban da ya ba ɗansa mukulli, su ba su son na'urar da direba zai kashe da yatsa. Abin da ya dace da su shi ne iyaka ɗaya da aka rubuta a cikin ƙwaƙwalwar inji.

Wannan ba sabon abu ba ne. Tarayyar Turai tun shekarun 1990 ta wajabta wa manyan motocin kaya iyakar kilomita 90 a awa, manyan bas kuma 100. Kenya ta tilasta wa motocin haya iyakar 80 a 2004, Najeriya ma ta fara tilasta wa motocin kasuwanci sa na'urar a 2017. Manyan kamfanonin Jamus sun daɗe da al'adar tsayar da motocinsu a 250, na Japan kuma a 180 ga motocin da ake sayarwa a cikin ƙasar, Volvo ma daga 2020 ta tsayar da duk sababbin motocinta a 180. Wato lambar tana nan a cikin ƙwaƙwalwar motoci da yawa tun asali, abin da ake yi shi ne sauke ta. A manyan motocin dizal, dillalin kamfani yana yi da kwamfutarsa cikin mintuna. Ford tana da tsarin MyKey, inda mai mota zai saita mukulli na biyu ta yadda duk wanda ya tayar da mota da shi ba zai wuce wata iyaka ba.

Ƙarfin wannan dabara shi ne ba ta dogara da taswira, ba ta dogara da kyamara, ba ta dogara da halin direba. Rauninta kuma a fili yake. Motar da aka tsayar a 100 tana iya yin 100 a gaban makarantar firamare, inda ƙa'ida 30 ce. Tana magance gudun fitar hankali a babbar hanya, ba ta ce komai ba game da cikin gari, inda masu tafiya a ƙafa suke. Akwai kuma wata ɗabi'a da take haifarwa: direba ya danne totur har ƙasa ya bar wa na'ura aikin, ya shiga kwana da gudun da ya shiga miƙaƙƙiyar hanya.

Sannan sai an yi tunani kafin a zaɓi lambar. Idan babu hanyar kuɓuta, direban da ya fito shan gaban tirela mai gudun 85 da mota mai iyakar 100 zai daɗe a hannun da ba nasa ba. Bambancin kilomita 15 a awa bai wuce mita huɗu da 'yan kai a daƙiƙa ba. Wanda za a ba irin wannan motar dole a zaunar da shi a gaya masa cewa lissafin shan gaba da ya saba da shi ya daina aiki. Hatsarin da na fi tsoro shi ne na satin farko, kafin ƙafa ta yarda cewa ƙarfin da ta saba samu ba ya nan.

A kula da wani gyaran ha'inci da wasu masu wayarin suke yi: su taɓa wayar na'urar da ke auna juyin taya ko juyin giya, su sa ƙwaƙwalwa ta ɗauka mota ta fi gudun da take yi, don ta kai iyakar kamfani da wuri. Wannan saƙon ba inji kaɗai ke amfani da shi ba. Giya mai canza kanta da shi take sanin lokacin canji, birkin ABS, mai hana taya ƙullewa idan an taka birki da ƙarfi, da shi yake aiki, lissafin tafiyar mota ma da shi ne. Garin neman gira sai a rasa ido.

Akwatin da ke bin taswira

Ga wanda yake son ainihin abin da aka tambaya, wato mota ta san ƙa'idar kowace hanya ta bi da kanta, akwai akwatin da ake sawa tsakanin totur da ƙwaƙwalwar mota. A cire soket ɗin totur, a jona shi da akwatin, a jona akwatin da wayar da ta tafi inji. A cikinsa akwai na'urar GPS, mai gano inda mota take ta hanyar tauraron ɗan'adam, da taswira mai ɗauke da ƙa'idar gudun hanyoyi, wasu kuma da layin waya don sabunta taswirar. Idan kana ƙasa da ƙa'ida, saƙon ƙafarka yana wucewa yadda yake. Da ka kai iyaka, akwatin ya rage saƙon, inji ya ɗauka ka ɗan ɗaga ƙafa.

Tunanin yana da tarihi. Tsakanin 1999 da 2002 Suwidin ta yi babban gwaji da motoci kusan 5,000 a garuruwan Umeå da Borlänge da Lidköping da Lund. A Lund an gwada totur mai turo ƙafar direba baya idan ya kai iyaka. A 2022 birnin New York ya fara gwada irin akwatin nan a motocin hukumarsa guda 50. A 2025 jihar Virginia ta Amurka ta yi dokar da ta ba alƙalai damar umartar masu gudun ganganci su sa na'urar a motarsu. Ka lura da waɗanda suke amfani da ita: hukumomi, kamfanoni, kotuna, a wuraren da kowace hanya take da ƙa'ida rubutacciya kuma akwai masu kula da taswirar.

A nan ya kamata a daɗe, domin nan ne kuɗi ke tafiya. GPS yana kuskure da 'yan mitoci, kuma 'yan mitocin nan su ne tsakanin babbar hanya mai 100 da ƙaramar hanyar da ke gefenta mai 50. Gadar sama da titin da ke ƙarƙashinta wuri ɗaya suke a idon tauraron ɗan'adam. A hanyar ƙarƙashin ƙasa ko tsakanin dogayen benaye saƙon yana ɓacewa. An sa allon wucin gadi saboda aikin hanya, taswira ba ta sani ba. An faɗaɗa hanya an ɗaga ƙa'idarta shekara biyu da suka wuce, taswira tana nan a kan tsohuwar. Ka ƙaddara kana tsakiyar babbar hanya, tirela tana bayanka, akwatin ya ɗauka ka koma hanyar gefe, ya janye maka totur. Ba birki ya taka ba, don haka fitilar birkinka ba ta kama ba, na bayanka bai ga alamar komai ba sai dai ya ga yana cim maka.

Saboda haka, idan za ka sayi irin wannan, tambayoyin da za ka yi wa mai sayarwa ba game da kyan allon ba ne. Me akwatin yake yi idan GPS ya ɓace: yana saki, ko yana riƙe ƙa'idar ƙarshe da ya sani, ko yana komawa wata iyaka ta gaba ɗaya? Idan ƙa'ida ta sauka daga 100 zuwa 60, yana yanke ƙarfi lokaci ɗaya ko a hankali? Akwai maɓallin kuɓuta da zai sake ka na 'yan daƙiƙoƙi? Wa yake sabunta taswira, sau nawa, kuma idan ka daina biyan kuɗin wata-wata me zai faru? Idan akwatin kansa ya mutu, saƙon totur yana wucewa kai tsaye ko mota za ta tsaya? Mai sayarwar da ya fara kame-kame a kan ko da ɗaya daga cikinsu, ka kama gabanka.

Akwai kuma maganar da ba ta shafi inji ba. Akwatin da ya san inda kake don ya san ƙa'idar hanya, ya san inda kake kawai. Ga mai kamfani wannan riba ce, ya samu na'urar bin sawu a kyauta. Ga mai motar kansa, ya kamata ya tambaya wa ke ajiye bayanan tafiyarsa.

Wanda yake so ya haɗa da hannunsa

Na san akwai masu karatu da hannunsu ke ƙaiƙayi. Ƙaramar kwamfuta irin Arduino ko Raspberry Pi, da ɗan guntun GPS, da soket ɗin OBD da ke ƙarƙashin sitiyari, inda makanikai ke jona kwamfutar binciken mota, ai an gama, ko? Soket ɗin nan mai baki 16 ya zama dole a motocin Amurka tun 1996, kuma a motocin zamani baki na 6 da na 14 su ne hanyar CAN, tsarin da Bosch ya fito da shi a 1986 don na'urorin mota su riƙa magana da juna. Ta nan kana iya tambayar mota gudun da take yi ta ba ka amsa. Haɗa na'urar da za ta karanta gudu, ta kwatanta da taswira, ta kunna ja ko ta yi ƙara, aiki ne mai daɗi kuma ba ya cutar da kowa. Sai dai a tuna soket ɗin yana da wuta ko da an kashe mota, abin da aka bari a jone yana iya shanye batir.

Karanta bayanan mota ke nan. Rubutu, wato aika mata da umarni, wani abu ne daban. Kowane kamfani yana da nasa harshen sirri a kan hanyar CAN, kuma saƙon da ka aika bisa kuskure yana iya isa ga birki ko sitiyari ko jakar iska. Bayan da masu bincike biyu, Charlie Miller da Chris Valasek, suka nuna a 2015 cewa za su iya sarrafa Jeep Cherokee daga nesa, abin da ya sa aka janye motoci miliyan 1.4 don gyara, kamfanoni sun ƙara tsaro, kuma motoci da yawa yanzu suna da mai gadi tsakanin soket ɗin da sauran na'urori.

Sai mutum ya ce to bari in bi ta totur. Totur na lantarki ba saƙo ɗaya yake aikawa ba, biyu ne, daga na'urori biyu daban, kuma a motoci da yawa ɗaya yana ba da rabin ƙarfin wutar ɗayan. Ƙwaƙwalwa tana kwatanta su kullum. Idan suka saɓa ko da na ɗan lokaci, sai ta ɗauka totur ya lalace, ta kunna fitilar inji, ta rage ƙarfi zuwa ɗingishi. Wannan shi ne sakamako mai sauƙi. Mai muni shi ne na'urarka ta daskare tana aika saƙon rabin totur alhali ka ɗauke ƙafa. Kwamfutar gwaji ta kan tebur ba a ƙera ta don zafin cikin mota da girgiza da tsallen wutar batir ba. Shawarata ga mai sha'awa: ka karanta, ka yi gargaɗi, amma kada ka sa abin da ka haɗa a ɗakinka tsakanin ƙafarka da inji.

Sabuwar mota mai ido

Zaɓi na ƙarshe shi ne kada ka gyara komai, ka bari sai lokacin canza mota. Daga watan Yulin 2022 Tarayyar Turai ta wajabta wa sababbin samfuran mota tsarin da ake kira ISA, mai taimaka wa direba kiyaye ƙa'idar gudu, daga Yulin 2024 kuma duk sabuwar motar da za a sayar a can. Tsarin yana haɗa kyamarar da ke bayan madubin gaba, mai karanta allunan hanya, da taswira a yawancin motoci. Dokar ta ba kamfanoni zaɓi: ƙara, ko girgiza, ko totur mai turo ƙafa, ko rage ƙarfin inji. Direba yana iya rinjayar tsarin da totur, yana iya kashe shi, amma duk lokacin da aka sake tayar da mota sai ya kunna kansa. Da yawa daga kamfanonin ƙara suka zaɓa, wato mafi arha, wanda ya dawo da mu kusa da wayar da muka fara da ita.

Inda ya fi kyau shi ne motocin da suka haɗa kyamarar da na'urar taƙaita gudu: mota ta ga allo, ta nuna maka sabuwar lamba, ka danna maɓalli ɗaya ka amince. Wannan tsari, a ganina, shi ne ya raba aikin yadda ya kamata, ido na na'ura, hukunci na mutum. Domin kyamara ma tana da nata ruɗun. Tana karanta allon hanyar fita ta ɗauka naka ne. Tana karanta lambar da aka manna a bayan tirela. Allon da ya koɗe, ko reshe ya rufe shi, ko ƙura da hazo da hasken rana mai faɗuwa suka dushe shi, ba ta gani. Inda babu allo gaba ɗaya, ba ta da abin karantawa. Kuma motar da aka ƙera don wata ƙasa aka kai ta wata, taswirarta ta can ce, wani lokaci ma mil take ƙirgawa a inda alluna suke nufin kilomita.

Abin da ya haɗa su duka

Abu ɗaya ya kamata kowa ya riƙe: mafi yawan waɗannan na'urori totur suke ragewa, ba sa taka birki. A kan doguwar gangara nauyin mota zai tura ta wuce iyaka, na'ura ta yi ƙara ko lamba ta yi ƙyaftawa, shi ke nan abin da za ta iya. Haka kuma ƙa'idar da ke kan allo iyaka ce ta rana mai kyau. A cikin ruwan sama ko duhu, 80 da allo ya yarda da ita tana iya zama ganganci, kuma babu akwatin da ya san haka. A gudun 100 mota tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Daga 100 zuwa 120 abin da ka rage a tafiyar kilomita 100 minti goma ne, amma ƙarfin karo ya ƙaru da kashi 44 cikin ɗari, domin shi da gudu sau gudu ake lissafa shi, ba da gudu kawai ba.

Kuma kafin a yanke waya ko a taɓa ƙwaƙwalwar inji, a sanar da kamfanin inshora, a duba sharuɗɗan garanti, a kuma duba ko dokar ƙasa tana da jerin na'urorin da aka amince da su. Inda doka ta tilasta sa na'ura, sa wadda ba ta cikin jerin daidai yake da rashin sawa.

To wacce za a zaɓa? Idan motarka ce kuma kai kake tuƙawa, nemi maɓallin LIM, ko a kunna maka shi idan yana kwance, ka haɗa da manhajar waya ta riƙa tuna maka. Idan wasu ne ke tuƙa maka, a rubuta iyaka a cikin ƙwaƙwalwar inji a wurin dillali ko ƙwararren da zai ba ka takardar abin da ya canza, sannan ka ƙara na'urar bin sawu don ka ga yadda ake gudu a cikin gari, inda rufin ba ya kaiwa. Akwatin taswira sai bayan gwajin sati biyun nan ya nuna maka taswirar hanyoyinka abin dogaro ce, kuma mai sayarwa ya amsa tambayoyin nan biyar ba tare da in'ina ba. Mai tsohuwar mota mai igiyar totur kuwa, in ba doka ce ta tilasta masa ba, gara ya tsaya a kan na'urar gargaɗi, kuɗin da ya rage ya sa a taya da birki.